Zanen da Ta Rufa wa Injin

Saura kaɗan yarinyar ta fasa rubuta takardar. Karatunta a firamare ya tsaya, kuma ita ko gaisuwa sai kanta a sunkuye.

Satinta biyu da fara shara a cibiyar binciken taurari. A ɗakin ƙarshe akwai wata baƙar kwamfuta da ta kai ƙugu, kullum tana gurnani. Mai aiki da ita wata ramammiyar ɗaliba ce.

"Ƙanwata, zo ki ga jaririna," in ji ɗalibar, tana nuna allo. Faifan ƙura da iska ne ke juyawa, da ɗan dunƙule a gefe. "Haka manyan duniyoyi ke haɗuwa, tsakuwa na manne wa tsakuwa har ta yi nauyin jawo iska. Wata bakwai injin yana lissafi. Saura kwana tara in ga ko zai girma."

"Kada dai a haifa mana bakwaini," in ji Baba mai gyaran injuna, suka yi dariya.

Ran Juma'a da za a tashi, mai sharar ta ga ƙura a ramukan shan iska na bayan injin. A gidansu ko keken ɗinkin Inna ba a barinsa a buɗe. Ta ciro zane mai kauri daga jakarta, ta lulluɓe shi ruf, ta soke gefuna.

Ran Litinin ita ta fara shiga. Ɗakin tsit, sai ƙaurin waya. Ta yaye zanen, ta cusa a jaka.

Ɗalibar ta zauna a ƙasa dirshan. Lissafin ya tafi, wa'adin karatunta kuma ba zai kai a sake ba. Ko kuka ba ta yi ba.

"Inji ya yi zafi har ya ƙone, kana ina?" shugaban cibiyar ya ce wa Baba. "Gobe ka ajiye mini makullai."

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Shekara ashirin nake aiki a nan, ranka ya daɗe," ya ce. 

A gida, da mai sharar ta faɗi abin da ta yi, Inna ta ce, "Wa ya gan ki? Ki ja bakinki. Aikin nan ba a ƙasa kika tsince shi ba."

Ta yagi takarda, ta rubuta layi uku na amsa laifinta, ta soke, ta sake.

Washegari ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta ajiye zanen da takardar a teburin shugaba, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya ɗago kai.