Ninkin Tsuntsu

Shekara biyu ina magana da waya kamar mai taɓin hankali. In jingina ta da gwangwanin madara a kan taga, in zauna a bakin katifa, in buɗe da kalmar da na saba: "Jama'a, wa ya ci kasonmu?" Sunan tashar tawa ke nan a intanet. Daga nan sai in yi ta bayani kan yadda mutum goma suka danne abin da ya ishi gari guda. Da farko mutane sun zo kamar gaske. Daga baya suka gane kowane mako fuskata ce dai, da bangon nan mai ɓarewar fenti, da maganar da suka sani tun kafin a haife ni. Bidiyona na ƙarshe mutum tamanin da uku suka kalla, kuma goma sha ɗaya daga ciki ni ne.

Abin kunyar, ɗakin na Yayata ne, abincin nata ne, datar da nake zagin masu kuɗi da ita ma daga guminta take fitowa. Shekara goma sha ɗaya tana jera tebur a wani katafaren gida. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna makaranta, kuma wannan aikin shi kaɗai ke riƙe da mu huɗu. Ɗan Jarida take ce mini, ba kuma don yabo ba.

Ita ke ba ni labarin gidan idan gajiya ta sake mata baki. Yadda ake juye abincin da ba a taɓa ba a shara, sannan a caje jakar ma'aikata a bakin ƙofa kada wani ya fita da ragowa. Ni kuwa ina ji, zuciyata na cewa ga abin da zai tashi tashata.

Ranar hutunta, tana wanki a tsakar gida, na durƙusa gabanta.

"Yaya, minti biyar kawai. Ki faɗa wa waya abin da kike faɗa mini."

"Ka ci kai? In sun gane ni, tashar taka za mu dafa?"

"Zan rufe fuskarki, in sauya muryarki. Ko ni da muka fito ciki ɗaya ba zan gane ki ba. Wallahi in wannan bai yi ba, na rufe tashar na nemi aiki."

Ina jin wannan rantsuwar ce ta ja ta. Ta share hannu ta shigo.

Ta yi magana yadda ban taɓa iyawa ba, ba ihu, ba manyan kalmomi. Sai dai tsoro ya hana hannunta zama. Ta ɗauki wani tsohon hankicina a kan katifa tana ta ninkewa ba ta ma sani ba, kafin ta gama magana ya zama tsuntsu mai fikafikai a tafinta.

Wajen gyara bidiyo na cika alkawari. Fuska ta zama hazo, murya ta koma ta ƙato. Amma da na kalla sai na ga ba wanda zai zauna minti biyar yana kallon hazo. Duk mai wannan sana'ar ya san ido na son abin da ke motsi. Sai na matso da hoton kan hannuwan, na bar su suna ninki daga farko har ƙarshe. Har yaba wa kaina na yi.

Kwana uku, mutum dubu ɗari biyu. Wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Ban iya cin abinci ba don murna.

Rana ta huɗu, da tsakar rana, na ji an turo ƙofa. Yaya ce, da jakarta da takalman aikinta a leda. Ba ta taɓa dawowa kafin yamma ba.

"Uwargida ta tara mu a ɗakin cin abinci," ta ce, ko zama ba ta yi ba. "Mu shida. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba kowa hankicin tebur, ta ce a ninke mata tsuntsu."

Nan take na tuna hannuwan da na matso da su a bidiyon.

"Ni kaɗai ta koya wa, tun shekarar da na fara. Ko ƙawayenta roƙonta suke ta hana."

"Ai da kin ɓata shi, Yaya! Da kin yi kamar ba ki iya ba!"

"Na so. Ina tunanin yadda zan ɓata, na duba na ga ya riga ya tashi a hannuna. Shekara goma sha ɗaya fa, Ɗan Jarida."

Ta ajiye ledar a bayan ƙofa ta shiga ta kwanta, fuskarta a bango. Da ta zage ni, da na samu sauƙi.

Mako uku tana fita da sassafe tana bin manyan gidaje. Ashe matan manyan gidajen nan sun fi tashata saurin yaɗa labari. Ko'ina mai gadi ne ke sallamarta tun daga ƙofa. Abinci ya koma sau biyu, sannan yaran suka fara tafiya makaranta a ƙasa. Ƙaramar ta daina yi mini magana. Na yi bidiyo na roƙi duk mai aiki ya taimaka, aka cika ni da addu'a da hoton zuciya, wasu suka ce jaruma ce, a yi mata jinjina. Ban taɓa tsanar kaina irin wannan lokacin ba.

Wata safiya ba ta fita ba. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Mutanen naka dubu ɗari biyu, me suke cewa? Karanta mini."

Na karanta mata addu'o'in. Ta ce in wuce. Na karanta zagin da aka yi wa masu kuɗi. Ta ce in wuce.

"Wanne aka fi maimaitawa?"

Na san amsar, sai na kifa wayar. Ta ƙwace wayar ta duba da kanta. Ɗaruruwa ne, har da mata masu hoton manyan falo: don Allah baiwar Allah ta koya mana ninkin tsuntsun nan.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko farin ƙyalle ta goge shi, ta gyara ɗankwali, ta zauna a wurina a bakin katifa.

"Jingina wayar. Kuma kada ka rufe fuskar, wataƙila akwai gidan da labari bai kai ba."

Na jingina ta da gwangwanin. Jan ɗigon ɗaukar bidiyo ya kunna, bakina kuwa ya riga ni, kamar kullum.

"Jama'a, wa ya ci kasonmu?"

Yaya ba ta ɗago ba, tana daidaita kusurwar ƙyallen a cinyarta.

"Ka yanke wannan wurin," ta ce. "Ni na san wanda ya ci nawa."