Teburan da Suka Kulle Mini Ɗa

Ɗana kafinta ne, ba ɓarawon daji ba. Tunda na haife shi bai taɓa sare ko reshe ba. Amma shi ne a kulle.

Doka ta hana shigo da gungumen sata, ba ta hana shigo da tebur ba. Sai mai katako, wani ƙaton banza mai zobe a kowane yatsa, ya ɗauke shi aiki can ƙetaren iyaka. Aikin me? A tsaga gungume, a buga masa ƙafafu da ƙusa, wai ya zama tebur. In an shigo da shi a cire ƙafafun. Motar da ta ɗauko su da teburan ta faɗa rami a gaban 'yan kwastan, ƙafafu suka zube kamar haƙorana. Direba ya ari na kare. Nawa kuwa ya sauko yana tsince su, wai kada aikinsa ya lalace. Sakarai!

Na je ofishinsu. Benci ɗaya, fanka a mace, wani mai kaki yana yankan farce.

Na ce, "Ku sakar mini ɗana."

"Mama, sai alƙali ya ga katakon da idonsa."

"To ku kai masa mana! Ko jira kuke ya taka da kansa?"

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ni ban yi ba.

Kullum in na kawo abinci sai na leƙa filin bayan ofis ta jikin waya. Tulin katakon sai raguwa yake yi. Na tambayi mai gadi, ya ce gara ce. Na ce, "Gara mai mota?" Ya juya mini ƙeya.

Ranar da aka ce kotu za ta zauna na yi sammako. Fili fes, sai sawun taya. Magatakardan kotu ya ce ba a shari'a babu shaida.

"To ku sake shi."

"Ba a sakin mutum sai an yi shari'a, Mama."

"Yaushe ke nan?"

"Ranar da aka samo katakon."

Na zage su tas har muryata ta dushe. Wani ma ruwa ya miƙo mini. Na zagaya tagar ɗakin da suka ajiye shi.

Ya ce, "Inna, me suka ce?"

Na tura masa kwanon abinci ta tsakanin ƙarfe, na ce ya ci da zafinsa.