Haƙori Ashirin da Huɗu

"Ƙirga min da kyau, Malama. Idona ya fara yi min ƙarya."

Baba Makulli, maƙwabcinmu, ya ɗora min faifan ƙarfe a hannu, wanda sarƙar keke ke hawa a tayar baya. Na ƙirga haƙoran sau biyu, don ni ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin in furta.

"Ashirin da biyu, Baba."

"Madalla. Kada Nas ta ji."

Nas 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya a asibiti. Shi kuwa shekara talatin yana buɗe ɗakin karatun da ke kan tudu, ƙarfe bakwai daidai, a kan baƙin kekensa marar giya. Ranar da ya fara makara, za a karɓi makullin a ba wani. Da zuciyarsa ta soma ciwo, Nas ta saya masa sabon keke mai giya ashirin da ɗaya. Yana nan jingine, ko ledarsa ba a cire ba.

"Baba, kowa mai giya yake hawa yanzu," in ji ta. "Ka danna da yatsa, tudu ya kwanta maka."

"Kowa? Je ki bakin kasuwa ki dubi masu dako. Wa ke da lokacin tarkace? Yau sarƙa ta zame, gobe waya ta tsinke. Ni da tudun nan mun san juna, ba ma neman ɗan aike."

Abin da Nas ba ta sani ba, faifansa na asali haƙori sha shida ne. Da numfashi ya fara gaza masa, sai ya sa mai sha takwas, ya ƙara tsawon sarƙa, don mai faɗi ya fi sauƙin takawa. Sannan mai ashirin. Duk wanda ya cire yakan rataye shi a ƙusa, bayan ƙofa.

Wata rana na yi ta maza, na ce, "Baba, ai wannan ma giya ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Karatu ya ɓata ki! Tawa da sifana ake canza ta, kuma sai na ga dama."

Safiyar da yake ɗaura mai ashirin da huɗu, Nas ta shigo ba zato, ta tura ƙofa, ta ga ƙusoshin. Ta bi su da ido, kowane faifai ya fi na baya faɗi. Ba ta nemi bayani ba, sanin ciwon zuciya aikinta ne.

"Ba inda za ka, Baba."

"To kawo igiya ki ɗaure ni."

Ya fitar da baƙin keken. Muka bi shi a ƙafa, ni da ita, ko sauri ba mu yi ba, don feda na ta juyawa amma keken rarrafe yake. Gumi ya jiƙa masa riga. A tsakiyar hawan kan keken ya karkace, Nas ta kai hannu za ta tura sirdin.

"Kar ki taɓa!"

Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a bakin ƙofar ɗakin karatun. Bakwai saura biyu.

Kafin rana ta yi tsaka aka same shi a kujerarsa, ya cika, duk tagogi a buɗe.

Bayan kwana huɗu Nas ta kira ni. Ta kwance faifan da kanta, hannunta duk baƙin mai, ta ce in ƙirga. Na ƙirga sau biyu. Ta buga sabuwar ƙusa a ƙarshen layi ta rataye shi. Ya ɗan yi lilo, sannan ya tsaya.