Ranar da Suka Kife Tasar Alkasum

Har yau in na tuna farin 1984 zuciyata tafasa take. Ni Zuliha, ni na yi goyon ƙanena Alkasum, ni na sayar da akuyata ya tafi lakwal, wato makarantar boko, a Zinder, daga can ya wuce Faransa. Ya dawo garinmu Gidimuni da wata ƙatuwar tasar ƙarfe, ya kafa ta bayan gonar babanmu Mai Nasara, bakinta na kallon sama.

Ya ce tasar kunne ce. Akwai wani haske can nesa da ake kira kwaza, mai aiko da sautin rediyo. Tarin taurari da ke tsakaninmu da shi, saboda nauyinsu, suna lanƙwasa sautin ya rabu hanya biyu, kamar mutum biyu su nufi kasuwa, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya kewaye tafki. Bara ya ji na farko ya ɗaga murya. Na biyu zai iso makon nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikinsa gaba ɗaya. Wata goma sha huɗu yana jira!

To, hatsi ya ƙone. An fita roƙon ruwa sau uku, ko yayyafi. Sai Sallau mai awo, wanda ko hadari da hayaƙi ba ya bambantawa, ya ce ai kowa ya sani ba a tara wa sama kwano tun ruwa bai sauko ba, gudu yake. Gari ya ɗauka.

Bayan sallar Juma'a suka zo da igiyoyi, babanmu a gaba, kansa ƙasa.

"Baba, kwana huɗu kawai," in ji Alkasum.

"Kai kana jiran tauraro, mu muna binne yara," in ji Baba. "Kife ta."

Na zage su tas, ban bar Sallau ba, ban bar dattawa ba. Baba da hannunsa ya ja igiyar farko. Tasar ta faɗi, bakinta ya lotse.

Kwana huɗu bayan nan aka tafka ruwa. Allah ya yafe mini, ban taɓa jin haushin ruwa ba sai ranar. Mata na guɗa, ana ɗaga Sallau sama. Alkasum kuwa ya fito ya zauna kan tasar, ruwa na dukansa, yana duba agogonsa.

"Yaya," ya ce, "yanzu haka sautin na biyu yana wucewa."