Rabin Kofur, Rabin Arzika

A ƙwallon yara na ƙasar Zuru ba a ɗauko alƙalin wasa. Wa zai zo ya sha rana da zagi a banza? Tsarin da aka saba shi ne usur ɗaya, mutum biyu. Kocin masu gida ya hura rabin farko, a hutu ya goge usur ɗin da gefen rigarsa ya miƙa wa kocin baƙi ya hura na biyu. Kowa ya san abin da ke ciki. In ka yi gaskiya a naka rabin, a yi maka gaskiya a na biyu. In ka yi son kai, to ka jira naka.

Kofur Dawuda ya fi kowa sanin haka, don da shi aka zauna aka kafa tsarin. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, ya dawo gida da gwiwa mai ciwo da zuciya mai saurin tashi. Ba wanda ya sa shi, shi ya tara yaran unguwa ya kafa ƙungiyar Duwatsu United a filin bayan makarantar firamare. Shi ke shata layi da toka, shi ke ɗinke raga, matarsa Leah ke wanke jesi ashirin duk Asabar tana mita.

Matsalarsa ɗaya ce: shekara biyu ke nan babu ƙungiyar da ta yarda ta zo filinsa. 'Yan kallonsa sun yi ƙaurin suna. Shi ya sa ya hau babur har Mahuta, ya zauna a shagon Arzika tela, wani siririn mutum mai horar da yaran garin bayan la'asar.

Arzika bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Kofur, mutanenku na da zahin kai. Ɗiyan mutane na za ni ɗaukowa."

"Ka zo da su, Malam Arzika. Ko ƙwarzane ba za a yi wa ɗayanku ba, kai da su. Ni na ce."

Arzika ya tsaida keke ya dube shi. "Kai kac ce?"

"Ni na ce."

Ranar Asabar kuwa sai ga su, yara goma sha shida a bayan a-kori-kura. Fili ya cika maƙil. 'Yan acaba sun jera babura a bayan raga, waɗanda suka biyo ta rumfar burkutu sun iso da murya a sama. Kofur ya rataya usur, ƙarfe huɗu aka take.

Minti goma bai cika ba ya gane akwai aiki. Baƙin suna da wani ɗan gaba, Abdulrashid, yaro kamar ba ya cin tuwo, amma sau biyu ya zaunar da 'yan bayan Duwatsu a ƙasa, har 'yan kallon gida suka yi dariya ba da son ransu ba. A na uku, Destiny, kyaftin ɗin Kofur, ƙato mai shekara goma sha biyar da noma ya gina wa kafaɗu, ya shiga masa da ƙusoshin takalmi a idon sawu. Yaron ya mirgina. Kofur yana nan taku biyar, ya gani sarai. Usur ya kai har leɓensa. Sai fili ya ɗauki ihu, "Destiny! Destiny!" sai Kofur ya sauke hannu ya ce a ci gaba.

Kada a yi masa ƙarya a ce bai gani ba, ko rana ce ta shiga idonsa. So yake ya ci wasan nan, shi ke nan. Shekara biyu yana jira. Destiny ya sake, Kofur ya kau da kai. Da ya ga ba a hana shi ba, sai ya kai wa yaron gwiwar hannu a baki har leɓe ya fashe, Kofur ya ce karo ne. Aka tafi hutu Duwatsu na da ci ɗaya.

Ya goge usur ya miƙa. Arzika ya juya shi a tafin hannu.

"Usur ɗin ga lahiya shike kuwa, Kofur? Ban ji kukanai ba."

Kofur ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya hango yaran Mahuta a gindin dalbejiya, sun kewaye Abdulrashid yana tofar da jini, ba mai magana a cikinsu. Ya san irin wannan shirun tun a bariki, bai kuma so shi ba.

Arzika, a yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Sau huɗu ya hura wa nasa yaran keta, har suna harararsa. Amma abin da aka koya musu a rabin farko ya riga ya zauna. Saura minti ashirin, Joel, ƙaramin cikin yaran Kofur, ya karɓi ƙwallo a gefen layi. Wani ɗan bayan Mahuta ya taho da gudu ya tashi sama da ƙafa biyu. Ƙarar da aka ji kamar an karya busasshen karan dawa ce. Joel ya faɗi, ƙaurinsa ya lanƙwashe inda ƙauri ba ya lanƙwasa.

Arzika bai hura ba. Ba mugunta ba ce, mantawa ya yi. Gudu ya yi wajen yaron, usur na lilo a ƙirjinsa, ya durƙusa yana cire rigarsa don ya ɗaure ƙafar. Amma mutum ɗari uku ba su ga riga ba. Abin da suka sani shi ne an karya ɗansu, baƙon kuma bai hura ba.

"Ya rama! Tela ya rama a kan yaro!"

Francis ne ya fara tsallake layi, yayan Joel, ɗan sa-kai da ba ya rabuwa da gorarsa ko a coci. Bayansa fili ya ɓalle.

"Leah!" Kofur ya daka tsawa. "Yaran Mahuta! Aji! Ki kulle!"

Ya ga ta ɗaga zani tana kora su kamar awaki, sannan ya juya da gudu, gwiwar na cizonsa. Bai isa da wuri ba. Gorar Francis ta sami Arzika a ƙeya, ya kife kusa da Joel. Wani ya kawo dutse, wani ya kawo ƙafar benci. Kofur ya ture mutum biyu, ya naushi na uku a maƙogwaro, ya faɗa kan Arzika ya rufe shi da jikinsa, ya tura kan telan ƙarƙashin ƙirjinsa.

"Ni ne! Kofur ne! Ku tsaya!"

Wa ke ji? Gora ta sauka a bayansa, ta sake sauka. Wani abu ya fashe masa kunne, ɗumin jini ya gangaro wuyansa. Ƙafar bencin ta sami haƙarƙarinsa, numfashi ya ɗauke. Mutanen da ke cire masa hula a hanya ne, waɗanda ya je sunan 'ya'yansu. Ya ji Arzika na salati a ƙarƙashinsa, murya can ƙasa, ya ƙara matse shi. Duk ya rufe shi, sai hannun dama da ya fito waje, a shimfiɗe a kan ƙasa.

Daga inda fuskarsa take ba ya ganin komai sai ƙafafu: silifa, takalman roba, ƙafa ba takalmi. Sai ga koriyar safa irin ta Duwatsu United da takalmi mai ƙusoshi. Takalmin ya ɗaga ya sauka a kan hannun Arzika. Ya ɗaga ya sake sauka, da dunduniya, ya murza. Arzika ya yi wata ƙara wadda Kofur ya ji a cikin nasa ƙirjin. Ya ɗaga ido da ƙyar. Destiny ne, yana kuka da majina, yana cewa, "Ka karya mana Joel, ka karya mana Joel."

Tsoro bai kama Kofur ba, ya ga abin da ya fi wannan. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya so gorar ta same shi a ka ya huta.

Leah ce ta tsaida su. Ta dawo ta kutsa tsakiya ba ɗankwali, tana dukan duk wanda ta samu da tafin hannu.

"Kuna taka yaron! Francis, ƙaninka kuke takawa! Mahaukata!"

Gaskiya ta faɗa. Joel yana nan kwance inda ya faɗi, an bi ta kansa an sake bi, ya daina ihu sai nishi. Francis ya yar da gora ya durƙusa. Da'irar ta buɗe. Kafin a ce me, masu dutse da ƙafar benci sun zama 'yan kallo, kowa na tambayar na kusa da shi me ya faru. Babura suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya.

A-kori-kurar da ta kawo baƙi ita ta ɗauke su zuwa asibiti. Francis ya rungume Joel a wani lungu. Kofur ya jingina da ƙarfen mota, kan Arzika a cinyarsa, kowane rami a hanya sai ya ji haƙarƙarinsa ya motsa.

Arzika ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. "Yarana?"

"Suna aji, Leah na bakin ƙofa. Sha shida, ba wanda aka taɓa."

"Alhamdu lillahi."

Francis ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba. "Baba Kofur, da ya hura, da ba a kai nan ba."

"Rufe mini baki," in ji Kofur. "Ni ne ban hura ba. Sau uku ina gani. Shi rigarsa ya cire zai ɗaure wa ƙaninka ƙafa, ga ta nan a hannunka."

Francis ya dubi tsumman da yake goge wa Joel fuska da shi.

Arzika bai kula su ba. Ya ɗago hannun damansa da na hagu, ya kawo shi kusa da idon da ke gani. Yatsu uku sun juya baya, babban yatsa ya fashe har ƙashi ya fito. Ya daɗe yana kallo, yadda yake duba yadi kafin ya sa almakashi. Ya yi ƙoƙarin motsa babban yatsan, bai motsa ba.

"Kofur, wayata na cikin aljihun wando. Kira mini Adama, matata. Ka ce ta hwaɗa ma masu ɗinki su zo su ɗauki yadinsu."

"Malam Arzika, bari likita ya gani tukuna."

"Na gani ni. Kira ta."

Kofur ya laluba ya ciro wayar, gilashin ya tsage amma tana aiki. Ya nemo sunan ya danna. Bugu biyu ta ɗauka, ana jin turmi a bayanta da hayaniyar yara, muryarta cike da fara'a.

"Baban Farida, kun ci wasan? Kun taso?"

Kofur ya dubi mutumin da ke kwance a cinyarsa, ya haɗiye jinin da ke bakinsa.

"Adama," ya ce, "ba shi ba ne. Kofur ne, na Zuru."