Bindigar Tokar Mudi

Laifin da zan ba da labarinsa gajen haƙuri ne, irin wanda ke sa mutum ya karya doka da hannunsa, sannan ya ce gyara ya yi. Mudi ɗan ƙanena ne, manomi a ƙauyenmu kusa da Maska. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Jira ne kawai bai iya ba.

Da ubansa ya rasu ya bar bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ni na tasa Mudi gaba muka kai ta ofishin 'yan sanda a Funtua, don takardar bindiga ba a gadonta kamar gona. Suka ajiye ta, suka bincike shi. Shekarunsa sun kai, idonsa garau, hankalinsa ɗaya, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa hukunta shi kan duka ko sara ba. Dagaci ma ya shaide shi. Aka rubuta lasisi da sunansa, aka miƙo masa kayan ubansa. Shekara tara yana sabuntawa, ba wanda ya ce masa kanzil.

A damina ta goma birai suka saka masararsa gaba. Ran nan ya same ni ƙarƙashin ɗorawa ina tufkar igiya, ya zauna ya ajiye bindigar.

"Baba, wannan tsohuwa ta gaji. Harbi ɗaya, kafin in sake ɗuri birai sun ƙoshi sun wanke hannu."

Na ce masa, "To nemi takardar mai harsashi. Bindiga hawa uku ce a wurin hukuma. Ta toka irin taka, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Ta farauta mai cin harsashi, baki ɗaya ko biyu, sai takarda ta je Abuja wurin babban sufeton 'yan sanda. Ta ukun ta yaƙi ce, ba da mu ake gaisawa ba. Kai ba ka da tabo, je ka cika takarda ka zauna ka jira."

"Baba, kafin Abuja ta amsa ai birai sun yi jikoki a gonata."

"Su yi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Ya yi dariya ya tafi. Takardar kam ya cika, dagaci ya sa hannu, aka aika. Amma bayan mako biyu sai ya naɗe bindigar a buhu, ya hau babur zuwa wurin wani maƙeri can wajen Malumfashi. Maƙerin ya mayar da ita mai cin harsashi. Da ya dawo har gida ya kawo mini, yana ta murna.

Na shafa ta, na mayar masa. Na ce, "Wannan ba bindigar ƙanena ba ce."

"Ita ce mana, Baba. Ga ƙotarta, ga lambar da aka buga mata. Doki in an sake masa sirdi ya zama jaki ne?"

"Ba sirdi ka sake ba. Garin neman gira za ka rasa ido."

Bai ji ba. Gaskiya kuma birai sun ji a jikinsu, masara ta yi kyau, har maƙwabta suna yaba masa. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya ɗauka tun da abin ya yi amfani, to ya halatta.

Da lokacin sabuntawa ya zo, tare muka tafi Funtua. Ni tawa bindigar zan mayar, don yanar ido ta fara rufe mini idon dama, kuma wanda ba ya rarrabe biri da yaro ba shi da hurumin riƙe ta. A hanya na sake ce masa ya faɗi abin da ya yi tun kafin a gani. Ya ce in bar masa.

Mai duba bindigogi Sufeto Babajide ne, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu jikokina. Ya karɓi tawa, ya yi mini sannu da hanya, ya ba ni kujera. Sannan ya kwance buhun Mudi. Ya dubi takarda, ya dubi bindiga, ya juya ta sau biyu.

"Malam Mudi, ina wadda na sani?"

"Ga ta nan a hannunka, Yallaɓai. Ɗan gyara na yi mata."

"Takardar nan cewa ta yi mai ci ta baki. Wannan ta ina take ci?"

Sufeto ya ajiye bindigar, ya ci gaba.

"Ka ga, ni ba faɗa zan yi da kai ba. Takardarka ta wata bindiga ce wadda yanzu babu ita a duniya. Wannan kuwa ba ta da takarda ko ta yatsa ɗaya. Kai ka kawo ta, da ƙafarka, a gaban Baba."

Mudi ya juyo ya dube ni. "Baba, ka sa baki."

Na ce, "Na sa tun a gindin ɗorawa."

Aka rubuta, aka kai maganar gaban alƙali. Don bai taɓa laifi ba aka sassauta, ba a ɗaure shi ba. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho. Ga abin da Mudi ya rasa: bindigar ubansa, an riƙe ta har abada. Lasisinsa na shekara tara, an soke. Takardar mai harsashi da ke hanya, an tsayar da ita. Kwana goma sha ɗaya a tsare kafin a yanke hukunci. Da sa guda daga cikin shanun huɗarsa biyu, wanda ya tafi a tara.