Faten Mama Deborah a Ƙofar Kamfani

Nicholas maraya ne. Gwaggonsa, Mama Deborah, ita ta raine shi a Kakuri, ita ta kai shi ajin coci har aka yi masa baftisma. Da ya samu aikin lodi a wani kamfani a Kudenda, sai ya faɗa hannun abokan aiki biyu, Nelson da Daniel.

"Kai har yanzu cocin tsofaffi kake zuwa?" in ji Nelson. "Masu waƙa kamar ana jana'iza? Zo ka ga inda wuta ke sauka."

Suka kai shi wata rumfar kwano da ake addu'a a Mahuta. A can, duk saurayin da ya zo sai ya karɓi lasifika ya faɗi wanda ya ɗaure masa arziki a danginsu. Nelson ya ce kawunsa. Daniel ya ce kakarsa ta ƙauye. Aka miƙa wa Nicholas, shi kuwa ba shi da wanda zai faɗa.

Daniel ya zungure shi. "Yi magana mana! Ko kai ne mayen?"

Aka fashe da dariya. Sai yaron nan ya buɗe baki ya ce gwaggonsa. Aka yi tafi, aka ɗauka a waya.

Kafin mako ya zagayo, bidiyon ya shiga wayoyin Zumuntar Mata ta cocin Kakuri. Matan da ke zama benci ɗaya da Mama Deborah suka fara matsawa gefe.

Rannan da tsakar rana sai ga Mama Deborah a ƙofar kamfani, da zanen zumunta, riƙe da kular faten acca.

"Kada ka ci," Nelson ya raɗa masa. "Ta abinci mayu ke shiga."

Ta ce, "Ɗana, na ga abin da ka faɗa. Ba faɗa ya kawo ni ba. In ka gaskata, bar abincin. In ba ka gaskata ba, zauna ka ci a gabansu, in samu bakin magana a coci."

Ya san ƙarya ya yi. Ya dubi kular, ya dubi abokai, sun zuba masa ido.

"Na ƙoshi, Mama."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta tsai da keke, ta shiga da kularta.

Nelson ya dafa kafaɗarsa. "Ka ci nasara, ɗan'uwa!"

Nicholas ya ture hannun, ya zagaya bayan tirela ya tsuguna. Ranar Lahadi bai je Mahuta ba. Cocin Kakuri kuwa, ya kai bakin ƙofa, ya hango ta ita kaɗai a benci, ƙafarsa ta kasa shiga.